Tambaya da Amsa: 'Yan Kwalayen Shukar Nan na Kwalliya, Me Ya Sa Nawa Ke Mutuwa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya ne, wato 'yan saitin shukar nan da ake sayarwa a kwali ko a gwangwani, iri da 'yar ƙasa da 'yar tukunya duk a haɗe, a rubuta a jiki wai ruwa kawai za ka zuba ka koma ka zauna. Wasu siffar ƙwai ne da su, wasu fensir ne, wasu katin gaisuwa ne da aka cusa iri a cikin takardarsa. Ni dai ina son su gaskiya, don mutane da yawa da ba su taɓa shuka ko da ƙwaya ɗaya ba ta nan suka fara, amma akwai abubuwan da masu haɗa su ba sa faɗa a jikin kwalin, kuma su ne ke sa mutum ya karaya. Ga tambayoyin da na tsinto.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ƙawata ce ta ba ni kyautar wani ɗan gwangwani mai irin ɗoɗɗoya a ciki, na bi duk abin da aka rubuta, na zuba ruwa na rufe da ledar da ya zo da ita na ajiye a kan teburin falo, kwana shida sai ga su sun fito wallahi murna kamar me, amma sai suka dinga tsawo sirara-sirara suna karkata gefe ɗaya, wata safiya na tashi na tarar duk sun kwanta. Kuma wannan ne karo na biyu. Ko dai hannuna ne ba ya karɓar shuka?

Amsa: 'Yar'uwa don Allah ki cire maganar hannun nan daga ranki, wadda iri ya tsira a hannunta har sau biyu ai ba a ce hannunta ba ya karɓa ba. Abu biyu ne suka haɗu suka kashe miki su.

Na farko haske. Teburin falo a idonmu da haske yake, amma a wurin tsiro kusan duhu ne. Kin ga ita ƙwayar iri da ɗan guzurinta take zuwa, shi take ci har ta fasa ƙasa, daga nan kuma sai rana ta ciyar da ita, to idan ta fito ba ta samu ba sai ta zuba duk ɗan ƙarfin da ya rage mata a tsawo tana neman inda hasken yake, shi ya sa kika ga sun karkata wajen taga, karan ya yi fari-fari ba ƙwari. Ɗoɗɗoya tana son rana ta kusan awa 6 a yini. Don haka ranar da kika fara ganin kore ya leƙo, a ranar za ki ɗauke gwangwanin ki kai bakin tagar da ta fi samun rana ko baranda, ba sai gobe ba. Ranar safe ta fi musu, kuma tunda gwangwani ƙarfe ne kar ki bari ranar tsakiyar yini ta gasa shi, zai iya ɗaukar zafi ya dafa saiwar. Kullum ki ɗan juya shi kaɗan don kowane gefe ya samu rabonsa.

Na biyu kuma, wanda nake zaton shi ya ƙarasa su, ledar nan ce da yawan ruwa. Amfanin leda shi ne ta riƙe danshi kafin iri ya tsira, da ya tsira aikinta ya ƙare, idan aka bar ta sai wurin ya zama ba iska ga laima, nan ne ƙwayoyin cutar funfuna ke samun yadda suke so. Da kin duba karan daidai inda ya haɗu da ƙasa za ki ga ya tsuke ya yi duhu ya yi ruwa-ruwa, kamar an matse shi da farce, sama kuma ganyen na nan kore shar. Idan ya kai haka babu magani, sai dai a zubar da ƙasar a wanke gwangwanin da sabulu a sake sabuwa. Sannan ki juya gwangwanin ki duba gindinsa, na san da wuya ki ga huji, da yawansu haka suke zuwa saboda kar su ɓata tebur. Ki sami ƙusa ki huda uku ko huɗu ki ɗora a kan ɗan faranti. Batun ban ruwa kuma ki daina bin agogo, ki taɓa saman ƙasar da yatsa, in da danshi ki ƙyale, in ya bushe ki zuba ruwa a farantin ki bar tukunyar ta sha ta ƙasa na minti 10 zuwa 15 sai ki zubar da sauran. Ki sake gwadawa, ki rubuto min in sun yi ganye huɗu.

Tambaya: Malama, ni a cikin nawa babu ƙasa, wani ɗan faifai ne busasshe mai ruwan ƙasa, na zuba masa ruwa ya kumbura ya cika kofin. Mene ne shi? Kuma furannin marigol ɗin da na shuka sun fito sun yi kyau sati uku, yanzu sun tsaya cak ganyen yana komawa ruwan ɗorawa.

Amsa: Ɗan'uwa wannan faifan galibi zaren ɓawon kwakwa ne aka niƙa aka danne shi, wasu kuma ruɓaɓɓen gansakuka ne na fadama. Yana da kyau ƙwarai wajen tsirar da iri don yana riƙe ruwa, yana da taushi, kuma ba shi da nauyi a aika shi a kwali, amma fa kusan babu abinci a cikinsa. Sati biyu ukun farko tsiron guzurinsa yake ci, yanzu ya ƙare, yunwa ce kake gani a ganyen nan.

Kuma a nan ne gizo ke saƙar, don abin da nake so kowa ya riƙe game da kwalayen nan ke nan. 'Yar tukunyar da ke zuwa a ciki zanin goyo ce, ba a barin yaro a goye har ya girma. Hoton da ke jikin kwalin na wani ƙaton fure a cikin ɗan kofi shi ke ruɗin mutane. Ka duba tsiron, ganye biyun da suka fara fitowa na cikin iri ne, masu santsi, waɗanda suka biyo baya masu tsaga-tsaga irin na marigol su ne ganyen gaskiya. Idan ganyen gaskiya ya kai biyu zuwa huɗu lokacin dashe ya yi. Ka nemi tukunya mai faɗi da zurfin kamar santimita 15 zuwa 20 mai huji a ƙasa, ka haɗa ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi don ruwa ya riƙa wucewa, ka jiƙa tsiron tukuna sannan ka zare shi da ƙasarsa gaba ɗaya, ka riƙe shi ta ganye kar ka kama karan. Yamma ta fi kyau da dashe, kuma ka ba shi inuwa kwana biyu kafin ya koma rana. In kofin na takarda ne ko na zare wanda aka ce ana binne shi, ka ɗan yaga gindinsa da gefensa tukuna, wani lokaci ba ya ruɓewa da wuri sai saiwa ta yi ta zagaye a ciki.

Sai abu mai ciwo, ragi. Na san ka zuba irin duka a kofi ɗaya, kowa haka yake yi. Guda goma a ɗan kofi ba wanda zai yi ƙarfi a cikinsu, ka zaɓi biyu mafiya ƙwari ka datse sauran da almakashi daidai ƙasa, kar ka tumɓuke don za ka girgiza saiwar waɗanda ka bari. In za ka sa takin zamani na ruwa, rabin abin da aka rubuta a jikin robar ko ma kwata ya ishi ɗan tsiro, yawansa ƙona shi yake. Marigol ba shi da rigima, wajen wata biyu daga shuka yake fara fure in ya samu rana.

Tambaya: Anti ina so in saya wa yarana, ɗaya shekara biyar ɗaya takwas, amma ba su da haƙuri ko kaɗan. Wanne ne ya fi saurin fitowa?

Amsa: Allah ya raya su. Wa yara kam babu kamar lansir, ko ƙasa ba ya buƙata, a kan jiƙaƙƙiyar auduga ko tishu yake tsira, kwana ɗaya zuwa biyu za su ga ya fashe ya fito da ɗan farin wutsiya, cikin sati ɗaya zuwa kwana goma ya yi kore ya isa yanka. Irin wata shuka da ake kira chia ma haka, in aka jiƙa shi sai ya yi yauƙi ya manne a jikin abu, shi ya sa ake shafa shi a jikin 'yan dabbobin yumɓu ya fito kamar gashi, a Amurka tun shekarun 1980 ake tallar irin wannan da sunan Chia Pet. Akwai kuma mai siffar kan mutum da aka yi da safa da garin katako da irin ciyawa, yaro ya riƙa yi masa aski da almakashi yana sake tofowa, na shekara biyar ɗin zai so wannan. Amma ki shirya musu zuciya tun farko, waɗannan na 'yan makonni ne, za su ƙare.

Babban kuma ki ba shi wanda zai ga zagayen gaba ɗaya, daga iri zuwa fure zuwa wani irin. Gajeren furen rana ya dace, irinsa babba ne yatsan yaro zai iya riƙewa, yana fitowa cikin kwana 7 zuwa 10, ko ziniya, ko marigol. Ki bar shi shi ya tura irin da kansa, zurfin kamar ninki biyu na girman ƙwayar, wannan ƙa'idar tana aiki a kusan kowane iri. Akwai wani waken da ake zana kalma ko hoton zuciya a jikinsa da hasken leza, in ya tsira sai rubutun ya bayyana a ganyen farko guda biyu masu kauri, abin burgewa ne sosai, sai dai bayan 'yan makonni ganyen nan zai yanƙwane ya faɗi da rubutunsa, shi kuma waken mai yaɗo ne zai nemi sanda da babbar tukunya.

Abin da ba zan yi wasa da shi ba shi ne baki. Duk irin da kika gani an rine shi ruwan hoda ko shuɗi ko kore, magani ne aka shafa masa na kashe funfuna ko ƙwari, ba na ci ba ne, a wanke hannu bayan an taɓa. Waken rubutun nan ma ba a ci. Irin zurma guba ne mai kisa, kuma akwai furannin kwalliya irin wanda ake rubuta wa foxglove a fakiti da ko ganyensa guba ne. Ki karanta sunan abin da ke ciki kafin ki miƙa, in babu suna kwata-kwata kar ki saya wa yara.

Tambaya: Na sayi saitin ganyayen ƙamshi mai kofi huɗu, lafanda, rosmari, fasli da na'ana'a. Yau kwana goma sha shida ko ɗaya bai motsa ba. An cuce ni ne?

Amsa: Ba lallai ba ne, amma gaskiya an haɗa miki masu wuya ne a kwali ɗaya aka rubuta mai sauƙi, kuma wannan yana ɓata min rai don sabon shiga ake sayar wa. Fasli yakan ɗauki sati uku zuwa huɗu, yana taimakawa in an jiƙa irin ya kwana a ruwa kafin a shuka. Rosmari ko a hannun ƙwararru kaɗan ne ke tsira daga cikin irin da aka zuba. Lafanda kuma asalinta ƙasashen bakin Bahar Rum ne, irinta ya saba ya sha sanyin hunturu kafin ya farka, shi ya sa ake naɗe shi a jiƙaƙƙen tishu a sa a leda a ajiye a firji, ba wajen ƙanƙara ba, na sati uku zuwa huɗu, sannan a yaryaɗa a saman ƙasa a ɗan danna ba tare da an binne ba don yana son haske, kuma ko bayan haka ɗaya-ɗaya yake fitowa. In ta girma ma ƙasa mai yashi take so da ruwa kaɗan, a wuri mai zafi da laima wahala take sha. Na'ana'a ma irinta ƙanana ne ƙwarai, in kin binne su da zurfi ba za su iya fasowa ba, kuma ni ban ga dalilin wahala da irinta ba, ki samu reshe ɗanye mai tsawon yatsa ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa, sati ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi. Ki ba ta tukunyarta ita kaɗai don mamaye wuri take yi.

In akwai sauran iri a fakitin ki yi gwaji. Ki ƙirga ƙwaya goma ki jera a jiƙaƙƙen tishu ki ninke ki sa a leda ki ajiye wuri mai ɗumi kina leƙawa. In bakwai ko takwas suka fashe iri lafiya lau, matsalar daga shukar ce, in biyu ne ko babu bayan lokacinsa ya wuce to ya tsufa. Iri abu ne mai rai, zafi da laima suna kashe shi, kuma kwalayen nan sukan daɗe a kan kanta ba wanda ya damu. Irin ɗoɗɗoya yakan yi shekaru da ransa, na fasli kuwa shekara ɗaya zuwa biyu ya fara rauni. A gaba ki duba kwanan watan da ke jiki. Yanzu dai ki ci gaba da riƙe danshi, ki ba su sati biyu nan gaba.

Tambaya: Fensir ɗin da ake shukawa da katin da aka ce akwai iri a ciki, da gaske suna fitowa ko talla ce kawai?

Amsa: Suna fitowa. Fensirin, wanda kamfanin Sprout na ƙasar Denmak ya yi suna da shi, a inda ake sa magogi ne aka sa wani ɗan kwanso irin na kafso da iri a ciki, in fensirin ya gajarce sai ka soka wannan gefen a ƙasa mai danshi a ɗan karkace, kwanson kawai ya nutse, ruwa ya narkar da shi. Kuskuren mutane shi ne turawa can ƙasa. Kuma mai tauna gindin fensir ya bari.

Katin kuma ka jiƙa shi ya kwana, ka yayyaga, ka shimfiɗa a kan ƙasa ka yayyafa wata siririya a sama kamar milimita 3, sannan kar ka bari ya bushe ko sau ɗaya har ya tsira, don takarda saurin bushewa gare ta, in iri ya fara fashewa ya bushe shikenan ya mutu. Kwalbar feshi ta fi kofi a nan. Akwai kuma dunƙulen yumɓu da taki da iri wanda wani manomin Japan mai suna Masanobu Fukuoka ya yaɗa dabararsa, shi ɗora shi ake a saman ƙasa ba a binnewa. Roƙona ɗaya, kar a je ana jefa su a jeji ko gonar wani, cakuɗen irin furen da ya zo daga wata ƙasa zai iya zama ciyawar da za ta addabi wuri.

Tambaya: Anti na ga ana tallar irin furen wardi mai launin bakan gizo da mai shuɗi a intanet, da kuma saitin irin bonsai, daga waje za a aiko. In tura kuɗi?

Amsa: Kar ki tura, don Allah. Wardi mai launin bakan gizo fari ne, ake tsaga karansa gida-gida a tsoma kowane a ruwan rini daban ya zuƙa har launin ya hau furen, rini kuwa ba ya bin iri. Shuɗi kuma wardi ba shi da wannan launin a halittarsa, hatta wanda kamfanin Suntory na Japan ya sauya wa ƙwayoyin halitta ya fara sayarwa a 2009, ruwan shanshanbale ne mai haske. Hotunan da kike gani gyaran kwamfuta ne. Bonsai kuma babu wani irinsa na musamman, bishiya ce ta yau da kullum da ake datse rassanta da saiwarta ana lanƙwasa ta da waya shekara da shekaru, abin da ke kwalin irin bishiya ne kawai, zai iya tsira, amma hoton jikin kwalin aikin shekaru ne masu yawa.

Sannan iri ba kamar takalmi ba ne da za a aiko haka kawai, ƙasashe da yawa suna neman takardar shaidar lafiyar tsirrai kafin iri ya tsallaka iyaka saboda cuta da ƙwari. A 2020 mutane a Amurka da Kanada da Birtaniya sun yi ta samun fakitin iri a akwatin wasiƙarsu ba su yi oda ba, yawanci da tambarin aikowa daga Chana, hukumomin noma suka yi gargaɗi kar kowa ya shuka. Ki nemi mai sayar da iri sananne a ƙasar da kike, wanda fakitinsa ke ɗauke da cikakken sunan shukar da kwanan wata.

Tambaya: Tawa ɗoɗɗoyar ta rayu alhamdulillahi, na dasa ta a babbar tukunya, amma kara ɗaya ta miƙe dogo kuma ta fara fidda fure a sama. In bar shi?

Amsa: Ma sha Allah, kin tsallake mai wuyar. Ki cire furen in dai ganye kike so, don da ta fara fure ƙarfinta kan iri yake komawa, ganyen ya ƙanƙance ƙamshinsa ya canza. Kuma ki daina tsinke manyan ganyen ƙasa ɗaya-ɗaya, shi ke sa ta tsaya sanda guda. Ki duba karan za ki ga ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, a hammatar kowane akwai ɗan ƙaramin toho, ki datse karan da almakashi ɗan sama da su kaɗan, tohon nan biyu za su zama rassa biyu, su ma in sun yi tsawo ki yi musu haka. Ana fara wannan tun tana kamar santimita 15, amma yanzu ma bai ɓaci ba. Kar ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. In kina son irin da za ki sake shukawa sai ki bar reshe ɗaya ya yi furensa ya bushe a jiki, ki murje a takarda, za ki ga 'yan baƙaƙen ƙwayoyi, ki zuba a ambulan ki rubuta suna da wata ki ajiye wuri mai sanyi marar laima.

Sauran tambayoyin da suka shafi ƙwarin da ke cin ganye sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, a ci gaba da aiko da saƙo tare da hoton shukar, har da gindin tukunyar.